Danƙon Gashi: Jinjina ga Baba 'Yardada, Makitsiyar Sheshe

Kafin rana ta leƙo tsakar gida ta riga ta jiƙa karkashi. Kullum haka. Ta idar da salla, ta share ƙofar ɗaki, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin katanga inda inuwa take daɗewa. Sai ta jawo 'yar ƙwaryarta. Ba wani abin kirki a ciki. Mataji, da tsinken kitso da ya sha hannu har ya yi santsi, da ƙoƙon man shanu, da ɗan curin man kaɗanya. Kayan aikin ke nan. Da su ta ci, da su ta ciyar, tun ba a haife ni ba.

Sunanta 'Yardada. Mu 'yan unguwar Sheshe Baba 'Yardada muke cewa. Makitsiya ce. Da hantsi 'yan mata da tsofaffi suke zuwa gidanta. Bayan azahar ta yafa mayafi, ta saɓa ƙwarya, ta bi lungu zuwa wurin matan da ba sa fita. Tana kaiwa Jakara. In an aiko, har Ƙofar Mazugal. Ba ta sauri. Ban taɓa ganin ta tana sauri ba.

Bana ta ajiye tsinke. Yatsun sun ƙi. Da safe ba sa lanƙwasuwa sai an gasa su da ruwan ɗumi. Ba a yi shela ba, ba a yi taro ba. Jarida kuwa kullum cike take da sunayen masu jawabi da masu yanka zare a bakin sabon gini. Na ga ya kamata sunan tsohuwar nan ya taɓa tawada ko da sau ɗaya ne.

Ni namiji ne. Kaina wanzami ya san shi. Abin da zan faɗa a bakin mata na ji shi, musamman yayata Turai, kuma da izininta nake faɗa.

Kowace makitsiya da abin da aka san ta da shi. Wata sauri. Wata tsaga miƙaƙƙiya kamar an ja zare. Wata labari, a zauna tsifa a tashi da asirin unguwa kaf. Baba 'Yardada da silin gashi ɗaya aka san ta.

In an tsefe kai an wanke, tun da sauran laima, ba ta fara tsagawa. Sai ta laluba ta ware sili guda a goshi, wani a ƙeya. Ta naɗe shi a yatsu biyu. Ta ja a hankali, ta saki. Ta kuma ja. Wani lokaci ma ido a rufe take yi, kamar mai sauraron wata magana daga nesa.

In silin ya miƙe ya dawo yadda yake, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, da danƙo. Me kike so?" Ran nan ko doka ce, ko ƙananan zane masu cin yini, mace za ta samu. In ya tsinke tun ba a je ko'ina ba, sai ta girgiza kai ta ce, "Ƙishirwa yake ji." Akwai kuma wanda yake miƙewa ya yi ta tafiya kamar yauƙin kuɓewa, ba ya dawowa. Wannan ta ce gajiyayye ne, ya saki jiki, shi ma ba a matsa masa.

Danƙo. Kalmar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Shi ne abin da muka harbi tsuntsu da shi a bayan badala muna yara. Shi ne kuma abin da dattawa suke nufi in sun ce zumunci ya yi danƙo. A wurin Baba duk abu ɗaya ne. Abin da za a ja ya bi, a saki ya koma, bai tsinke ba.

"Kitso ja ne," in ji ta. "Duk daɗin bakin makitsiya, jan kanki take yi. Mai danƙo in an ja ya bi, in an kwanta a kansa ya lanƙwasa, in an tsefe ya koma gidansa. Marar danƙo kuwa, yau ki yi kyau, jibi ki share shi da tsintsiya."

Tana da faɗa, kada a ce ban faɗa ba. Mace ta zo da kai ya bushe ƙamas saboda wanki da kanwa, sai ta riƙe haɓa.

"Wa ya ce ki zuba masa kanwa haka? Kai kike wankewa ko ganda kike dafawa?"

Wadda ta bar kitso ya yi watanni, ta ce mata, "Wannan ai gini ne, sai a kira magina su rushe." Wadda ta taje gashi a bushe har yana ƙara, ta ƙwace matajin. Maganinta ba shi da yawa. Ruwan karkashi don ya yi laushi. Man shanu ko na kaɗanya tun da danshi, don ya riƙe ruwan. A rufe shi daga rana da hayaƙin murhu. Sannan a ci abinci, don ta ce gashi ta ciki yake kiwo. In kai ya gaza ƙwarai, sai ta yi manyan kitso sako-sako, waɗanda ba sa jan saiwa. Ita ta sa musu suna, kitson hutu.

'Yan mata ba sa son kitson hutu.

"Haba Baba, Salla ce fa!"

"Sallar ba ta dawowa ne? Goshi ne ba ya dawowa."

Duk wannan kowa a Sheshe ya sani. Ga wanda ba a sani ba.

Shekarun baya aka sa bikin Turai da Yahya, ɗan wani mai sayar da yadi a kasuwar Kurmi. Ita ta so shi, shi ya so ta, ba wanda ya sha wahalar lallashi. Gidansu Yahya irin Larabawan nan ne da kakanninsu suka ƙetaro sahara da fatauci suka zauna a birni. Hausa suke yi kamar kowa. Amma matan gidan Allah ya ba su gashi, har misali ake yi da su.

Damina kafin bikin zazzaɓi ya kwantar da Turai. Ya daɗe. Ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana, sai dai ciwon bai tafi hannu wofi ba. Kullum da safe ta ga gashi a matashi. Ta tattara ta ɓoye. Ta ɗaure ɗankwali tam, ko barci ba ta cirewa. Ba wadda ta gaya wa. Abin da take tsoro ɗaya ne, buɗar kai, ranar da dangin miji za su taru a yaye mata lulluɓi kowa ya ga abin da aka kawo. A gidan masu gashi.

Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu, ita ce a kan bikin. Mace ce mai son a fita kunya. Da Baba 'Yardada ta shigo ranar kitso, tun daga soro Gwaggo ta tare ta.

"'Yardada, doka nake so. Wadda za ta tsaya kamar tozon raƙumi. Kin san gidan da za mu kai ta. Kada a ce 'yan Sheshe ba su iya kai ba."

Ta miƙa mata sabon tsumma mai laushi, wanda za a cusa doka ta tashi.

Baba ta ce a bar ta da amarya a ɗaki, hayaniya ta yi yawa. Ta saki labule. Ta kwance ɗankwalin. Turai ta ce ta ji hannun tsohuwar ya tsaya cak a kanta, sannan ya ci gaba kamar ba komai. Ta shafa ruwa. Ta ware sili, ta ja. Ya tsinke. Ta koma ƙeya. Ya tsinke. Ta ɗaga gashin ta ga wuraren da fata ta fara leƙowa.

Turai ta riƙe mata ƙafa.

"Baba, ki rufa mini asiri. Ki ɗaure shi tam, ki cusa tsumman. Ya kai ni jibi kawai."

"Jibi zai kai ki. Gata fa?"

"Gata Allah ya san ta."

"Ni ma ya ɗan sanar da ni. 'Yar nan, in na ja wannan, saiwa zan ja. Doka za ta tsaya, mata su yi guɗa. Ranar tsifa ki tashi da kai kamar bayan ƙwaryar nan. Abin da ciwo ya zubar yana tsirowa. Abin da makitsiya ta tuge ba ya tsirowa."

"To in kin ƙi, me za su ce? Za su ce an kawo amarya ba gashi."

"Ba za su ce ba. Wani abin zan ba su su ce."

Ta ɗauki tsinke ta yi bisimilla ta tsaga kan, tsaga ɗaya. Sannan ta ɗauki tsumman nan na doka, ta yage shi, ta naɗe ɗan yatsanta da shi har ya yi kauri. Ta ɗaga labule ta fito tsakar gida.

"Hajo, hannuna ba zai iya doka yau ba."

Gwaggo ta dubi tsumman, ta dafe ƙirji.

"Yau? Yau ɗin nan? La'ilaha illallahu! Tun asuba ba ki san da ciwon ba sai da kika zauna? A kira wata! Wa ke kusa?"

"Kira. Amma na riga na tsaga."

Ba wadda ta tashi kiran wata. Mata suna da camfi, hannu biyu ba sa haɗuwa a kan amarya. Kan da wata ta tsaga, ba makitsiyar da za ta yarda ta ƙarasa. Baba ta san haka. Shi ya sa ta tsaga kafin ta fito.

Ta koma ciki. Turai ta ce ba ta taɓa jin hannu mai sanyi irin na ran nan ba. Baba ta ɗauko gashin da ke da ƙarfi ta kwantar da shi a kan wuraren da suka gaza. Ta kama shi sako-sako, manya-manya, ba inda ya ja. Ta murza shuni da man shanu ta bi tsagar yadda fata ba za ta nuna ba. Kitson hutu ne, an ɗan yi masa ado. Ba na amarya ba ne. Ko makaho ya shafa ya san ba na amarya ba ne.

Ranar buɗar kai Baba ba ta ɓuya ba. Ta je. Ta zauna a inda kowa zai gan ta, ta ɗora hannun mai tsumma a gwiwa. Aka yaye lulluɓi. Guɗar ta fito, amma gajeriya. Wata ƙanwar ango, abokiyar wasa, ta leƙa ta ce:

"Af! Wannan na amarya ne ko na mai jego?"

Gwaggo Hajo, don ta fita kunya, ta yi caraf ta ce, "Ku bar ni da takaici. Makitsiyar ce ta tsufa, hannunta ya mutu. Ga ta can, ku tambaye ta."

Ido ya juya. Aka ga tsohuwa da naɗaɗɗen yatsa. Aka yi dariya, aka yi tsaki, wasu suka ce Allah sarki. Aka bar kan amarya aka koma kan makitsiya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta shanye. Ba wadda ta ƙara duban Turai da ido na biyu.

Magana a birni ba ta buƙatar keke. Kafin mako ta kai Jakara, hannun 'Yardada ya mutu, ta ɓata kan amarya. Darajar makitsiya a kan amare take. Aka daina kiran ta biki. Lokacin ne ma baƙin zaren kanti ya fara yawa, matasan makitsa suna ɗaure kai har ido ya ɗage, 'yan mata suna so. Na sha wucewa ƙofar gidanta da hantsi, ba takalmi ko ɗaya a bakin soro. Da a ce ta buɗe baki sau ɗaya, da an dawo. Ba ta buɗe ba. Ta ci gaba da ɗaura tsumman ma, don kada zancen ya warware.

Abin da ta riƙa yi shi ne zuwa duba amarya. Bayan 'yan kwanaki sai ta ɓullo gidan su Yahya da karkashi da man shanu a ƙarƙashin mayafi. Ta saki labule, ta wanke, ta shafa, ta sake kamawa sako-sako. Ta sa Turai cin wake da shan nono kamar mai biyan bakance.

A nan ta yi kuskure ɗaya. Wata rana tana fitowa ta yi kiciɓis da Hajiya Mabruka, uwar Yahya, tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsinkar zogale. Hajiya ta amsa gaisuwa, ta daɗe tana duban hannun.

"'Yardada, ran buɗar kai a dama na ga tsumman nan. Yau ga shi a hagu. Ciwon naki yawo yake yi?"

Baba ta dubi hannunta. Ta dubi Hajiya.

"Haka yake, Hajiya. Ba ya zama wuri ɗaya."

Hajiya Mabruka ta dubi labulen ɗakin surukarta. Ta daɗe. Sannan ta ture faifan zogale, ta zame ɗankwalinta.

"To zo ki taɓa nawa da hannun ciwon. Na gaji da masu lafiya."

Iyakar abin da aka ce ke nan. Har yau Hajiya ba ta taɓa tayar wa Turai da zancen ba. Tun daga ranar kuma ba wadda ta ƙara taɓa kan Hajiya sai Baba.

Gashin Turai ya dawo. Ba da wuri ba. Ya fara da ɗan tsiro kamar na jariri, ya yi ta ƙaruwa. Sai da shekara ta kewayo, ana gobe jajiberin Salla, Baba ta ware sili ta ja. Ya bi. Ta saki, ya koma. Ta sake, don ta tabbata.

"Alhamdu lillahi, da danƙo. Me kike so?"

Turai ta ce ta buɗe baki kuka ya riga magana. Da ƙyar ta ce, "Doka."

Ta samu dokarta. Ta makara, amma ta tsaya, kuma da aka tsefe ba abin da ya biyo mataji.

Bana, da labari ya zo cewa Baba ta ajiye tsinke, Turai ta ce ba za ta ƙara riƙe abin nan ba. Ta fara gaya wa Gwaggo Hajo. Gwaggo ta zauna daɓas. Washegari ta ƙulle goro a gefen mayafi ta nufi gidan Baba, Turai na biye.

"Ke 'Yardada! Ashe ƙarya kika shirga mini?"

"Ni? Me na ce miki?"

"Kin ce yatsanki na ciwo."

"Ke kika ce. Ni cewa na yi hannuna ba zai iya ba. Hannun da ya san gashi zai tuge, ina zai iya?"

"Tsumman fa?"

"Naki ne. Ke kika ba ni. Na rasa inda zan ajiye."

Gwaggo ta yi dariya har ta koma kuka. Ta ce, "Na ɓata miki suna a gaban mutane. Ki yafe mini."

"Ke dai kawo goron. Suna ma yana da danƙo, Hajo. An ja, ya dawo."

Haka ta ce. Ni dai na san bai dawo duka ba. Akwai amaren da ba ta yi wa kitso ba har abada, akwai gidajen da har gobe suke cewa hannunta ya daɗe da mutuwa. Don su nake rubutun nan. Hannun bai mutu ba. Lafiyarsa ƙalau a lokacin, shi ya sa ya ƙi.

Baba, na san ba za ki karanta wannan ba. Za a karanta miki, ki ce yaron nan ba shi da aikin yi. To ki ji.

Ke ce kika ga abin da ke ƙarƙashin ɗankwali kika mayar da shi ciki. Ke ce kika tsaya tsakanin yarinya da bakin duniya, da tsumma a yatsa. Ke ce aka yi wa dariya a gidan biki kika bar ta ta zauna a kanki, don kada ta sauka a kan wata. Uwar goshi, mai ja da sassauci. Kawuna nawa suka kwanta a cinyarki, ba wanda ya tashi da ƙasa da abin da ya zo da shi. Ba kowane mai sana'a za a faɗa wa haka ba.

Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sassauta wa yatsun nan, ya rufa miki asiri duniya da lahira yadda kika rufa wa wasu.

Ku kuma masu tsinke a hannu yanzu, ban ce ku bar zarenku ba. Zamani naku ne. Amma kafin ku ja, ku gwada. Sili ɗaya ba ya cin lokaci. In ya tsinke, ku ji tsoron Allah ku sassauta, ko mai kan za ta yi fushi. Fushi yana hucewa. Mu ma da ba ma kitso, akwai abin da muke ja, ɗa ne, ko mata, ko na ƙasa da mu a wurin aiki. Ba laifi mu san iyakar danƙonsa.

Ran Juma'ar da ta wuce Turai ta koma gidan ita kaɗai. Ta tarar da Baba a kan tabarma, ƙwarya a gefe, kai duk ya cukurkuɗe, don yatsun ba sa iya ko tsifa. Shekara da shekaru tana gyara na mutane, ba a taɓa tambayar wa ke gyara nata ba. Turai ta zauna a bayanta ta jawo ƙwaryar.

"Ke, me za ki yi?"

"Kwantar da kai, Baba."

Ta tsefe. Ta wanke da karkashi. Furfura ce fara fat, ba yawa. Ta laluba ta ware sili ɗaya ta naɗe a yatsu.

"A hankali, ba igiyar guga ba ce."

Turai ta ja. Ya bi. Ta saki. Ya koma.

"Alhamdu lillahi, da danƙo," in ji Turai. "Me kike so?"

Tsohuwar ta gyara kanta a cinyar Turai, ta lumshe ido.

"Yi mini na hutu."